Shaidar Waya

Kumai ya je Madakiya neman auren Clara. Mahaifinta, Baba Gershon, dattijon coci ne, ya ce sai ya san halin yaron tukuna.

"Tambayi AI ɗin wayata, Baba," in ji Kumai. "Duk abin da na gaya mata, ba ta mantawa."

Baba ya gyara zama kusa da matarsa, ya tambayi wayar. "Ina yake zuwa bayan sujada a coci?"

"Gidan burkutun Hellen," in ji wayar. "Ya ce akwai wani dattijon coci mai shigowa ta ƙofar baya. Sunansa..."

Baba ya kife wayar.

"Yaron nan mai gaskiya ne. Na ba shi Clara."

Matarsa ta miƙa hannu. "Ɗana, ara mini wayar nan."