Wa Ke Ɗaukar Hoton?

Ikhlas ta ajiye wa saurayinta Muhsin shayi a falon yayanta da ke unguwar Bin Mahmud a Doha, ta zauna can nesa. Wata uku ya yi a Norway wajen kwas. Kullum da safe sai ya turo mata hotonsa yana gudu cikin dusar ƙanƙara, wai yana shirin tseren da zai shiga a Doha.

"Ranar Juma'a kawuna zai je Zariya neman aurenki," ya ce yana murmushi.

Ta daɗe tana kallonsa. Mutumin da sanyin Doha ma ke hana shi fita da safe.

"Yaya Muhsin, ka ce kai kaɗai kake fita gudun nan."

"Ni kaɗai mana."

"To wa ke ɗaukarka hoto daga baya?"

Kofin ya tsaya a hannunsa. "Wata abokiyar aiki ce. Ita ta san hanya."

"Ba ka taɓa ambatonta ba."

"Gudun kada ki zargi wani abu."

Ta ce, "Kira ta yanzu, mu gaisa."

Ya dubi wayarsa a kan tebur, bai miƙa hannu ba.