Gangaren da magini ya yi wa matarsa

Ka ce lissafin miƙaƙƙen layi ya ƙi shiga kanka. To, saurari abin da ya faru da wani tsohon magini. Matarsa ta yi ciwo, ƙafafu suka daina ɗaukarta, sai keken guragu. Ɗakinta kuwa a kan dandamali yake mai kaiwa gwiwa, shi da kansa ya ɗaga shi saboda ruwan damina. Tun da ta kwanta ba ta ƙara taka tsakar gidanta ba. Abin ya dame shi ƙwarai, don yana sonta, ko da yake bakinsa bai taɓa iya faɗa ba. Cikin gaggawa ya kwaɓa siminti, ya zuba ɗan gajeren gangare daga bakin ƙofa zuwa ƙasa. Ranar gwaji keken ya ƙwace daga hannunsa, bai tsaya ba sai da ya rungumi randa. Allah ya kiyaye, randar ce kawai ta fashe. Tsohuwa, jiƙe sharkaf, ta dube shi ta ce, "Malam, in gajiya ka yi da ni, ai da ka faɗa mini da baki."

Kunya ta ishe shi. Ya rushe aikin, ya zauna ya yi tunani. Tsayin bakin ƙofa ba ya canzawa, daga nan layin zai fara ko ana so ko ba a so. Abin da ke hannunsa shi ne yawan saukar da za a yi a kowane taku. Ya kafa ƙusa a bakin ƙofa, ya ɗaura igiya, ya yanke cewa duk taku ɗaya zai sauko da faɗin yatsu biyu, ba ƙari ba ragi. Da abu biyun nan, mafari da yawan sauka, ya san tsayin gangaren a ko'ina tun bai aza bulo ba: ya ƙirga takun, ya ninka biyu, ya cire daga tsayin bakin ƙofa. Igiyar ba ta taɓa ƙasa ba sai can gindin lemo. Maƙwabta suka yi ta yi masa tsiya, wai titin mota yake shimfiɗawa a cikin gida, ya yi kunnen uwar shegu da su. Da siminti ya bushe, tsohuwa ta ture hannunsa, ta gangaro da kanta sannu a hankali har inuwa, ta ce a miƙo mata faifai da shinkafa ta tsince. Ranar nan dattijo ya ci tuwo har da ƙari.

Shi ya sa Hausawa suka ce, hanyar lafiya a bi ta da shekara.