Ƙundun Zakaran Lantana

Tun da sabuwar doka ta zo, duk kaka jami'in ma'adinai kan yanka kaza ɗaya a kowane gida, ya tsaga ƙundunta. In ya ga ƙwayar zinariya cikin tsakuwar da ta haɗiya, gonar gidan ta zama ta masu haƙa.

Wata uku Lantana ta kulle zakaranta a akurki, dawa kawai take ba shi.

Da jami'in ya zo, ya yanka zakaran, ya tsaga ƙundunsa, wani abu ya yi ƙyalli.

"Ranka ya daɗe, zakaran nan bai taka gona ba!" in ji Lantana.

"Wa ke ba shi abinci, Inna?"

"Ni ce. Sau ɗaya na je suna, na bar wa ƙanen mijina, Sallau."

Ta waiga. Ga Sallau a bakin ƙofa, da sabuwar diga a kafaɗa.