Haruffa Biyu

Daga ranar nan, babu yaron da zai sake kwana a asibitin bai ji ɗumin hannu ba. Direkta ne ya faɗa, aka tafa.

Allon sabon sashen harshe uku ne. A layin Hausa mai fenti ya rubuta "Sashen Tausayi". Matar da ta kawo jaririnta daga Ngueli da ciwon huhu ta karanta, ta gaskata.

Ɗanta aka zaɓa, don ya fi kyau a hoto. Uwargidan babban baƙo ta shafa mai a tafin hannu, zobbanta na ƙyalli.

"Tiyon nan yana ɓata fuskarsa," in ji mai kyamara. Aka zare tiyon iskar.

Uwar ta ce, "Madam, numfashinsa..."

"Baiwar Allah, matsa baya, ba ki da horo."

Aka yi ta sake hoton, saboda Madam tana ƙifta ido.

Da la'asar Direkta ya hango kuskuren. "Tausa muka ce, ba tausayi ba. A goge haruffa biyun nan."

Mai fenti yana kan tsani uwar ta wuce, rungume da ɗanta an lulluɓe shi har fuska.

Ta ce masa, "Sannu da aiki."