Ƙafar Mma Mamunatu

Ranar Alhamis aka aiko da awon takalmi daga gidan Madugu Issaka, babban ɗan kasuwar goro a Zango. Ɗan itace ne mai kaurin yatsa, an yanke shi daidai tsawon ƙafar mahaifiyarsa, Mma Mamunatu. Tsohuwar ba ta fita, ba kuma za a kai mata baƙon namiji ya taɓa ƙafarta ba. A arewa karan dawa ake aikowa, amma a Kumasi wa zai ba ka kara? Abin da hannu ya kai gare shi aka yanko.

Munkaila ya karɓa hannu bibbiyu, ya soke shi a jinkar rumfa, daidai saman buzun maigidansa, inda ba mai ƙarfin halin kai hannu.

Shekararsa bakwai yana koyon dukanci a wajen Baba Seini. Dukawan Zango kuwa suna da ƙa'ida: kafin a yaye mai koyo, sai wani attajiri ya ba shi aiki ya yi shi kaɗai, tun daga sayen fata har ɗinki. Awo ɗaya, gwaji huɗu, kuma maigida ba ya leƙawa, ba ya tambaya. In an yaba, a ba shi basilla da wuƙa ya kafa rumfarsa. In ba a yaba ba, ya ƙara shekara uku yana murza zare yana korar ƙuda. Munkaila ko a mafarki ba ya son jin shekara ukun nan.

Baba Seini mutum ne mai tsari. Kafin kowa ya fito yana rumfa, wuƙarsa kullum a wase, haƙoransa farare fat duk da goron da yake ci. Ba a taɓa ganin ya sayi abin da zai iya tsinta ba.

Mako guda Munkaila ya yi yana zagaya majema kafin ya sami jar fatar da ta kwanta masa. Ya zaro awon, ya ji shi da danshi, ya harari jinkar. Damina ce, ruwan Kumasi kuma ba ya jin roƙo. Ya yanka, ya ɗinka, ya yi ado da koren zare, ya aika.

Saƙo ya dawo: takalmi ya yi kyau, amma babban yatsan Mma yana waje. An ba surukarta.

Ya sake wani, wannan karon yana auna kowane gefe sau uku. Bayan kwana takwas saƙo ya dawo: diddigen Mma yana ƙasa. An ba jikarta mai tallan ƙosai, ya yi mata cif.

Nan Munkaila ya gano bakin zaren, a ganinsa. Awo ba ya ƙarya, hannunsa ba ya ƙarya, saura ƙafa. Ya raɗa wa wanzami cewa ƙafar Mma Mamunatu girma take yi. Kafin la'asar labari ya kai har unguwar Alabar. Mata suka yi ta sallama don dubiya, kowacce idonta a ƙasa. Wata Batoniya, 'yar asalin Kumasi mai sayar da borodi, ta kawo saiwa a jiƙa, wani malami ya aiko da rubutun sha. Tsohuwa ta fusata, ta lulluɓe ƙafafunta da zane, abin da ya ƙara tabbatar wa mutane ke nan.

Na uku ko gwadawa ba ta yi ba. Ta ɗaga shi da yatsu biyu, ta ce a sa wa ɗan yayen da ke rarrafe a tsakar gida.

Madugu ya aiko da magana ɗaya: saura gwaji guda, kuma in aka sake jawo wa uwarsa 'yan kallo, shi da kansa zai zo rumfar.

Tsoro ya kama Munkaila sosai. Washegari ana sallame asuba ya nufi kasuwa, abin da bai taɓa yi ba, don ya fara da sanyin safiya. Ya tarar da Baba Seini a kan buzunsa. Ya durƙusa ya gaishe shi.

"Munkaila," in ji tsohon, "ban da ikon duba aikinka, amma ina da kunne. Shekara bakwai ina gaya maka, baduku awonsa shi ne idonsa. Ku yaran yanzu ba ku san adana abu ba."

"Haka ne, Baba."

"Ni a zamaninmu ko tsinke aka ba ni, na san inda na ajiye."

Yana faɗa yana miƙa hannu sama. Ya zaro ɗan itacen daga jinka, ya tauna bakinsa har ya yi laushi, ya goge haƙoransa sama da ƙasa. Sannan ya ɗauki wuƙa ya datse kan da ya tauna tsaf, kamar yadda ya saba kowace safiya, ya mayar da shi mazauninsa, ya ce, "Ko wane ɗan albarka ne ya ajiye min asuwakin nan, ka gaya masa ya kusa ƙarewa."