Mai Jita da Sautin da Ya Ƙi Buɗewa

Na ji abin da ka faɗa a kan abokin aikin naka, Sabitu, kuma ban ce ƙarya kake ba. Amma kafin ka je ka tare shi da maganar, saurari wannan misalin.

An yi wani mai kaɗa jita a ƙungiyar makaɗan biki, hannunsa da daɗi, ba mai musun wannan. Wanda ke haɗa musu sauti a wajen wasa, mai zama bayan na'ura yana ƙara wannan yana rage wancan, amininsa ne tun suna koyon sana'a. Ana nan sai mai jita ya sayo wani ɗan akwati na zamani, irin wanda ake jona wa jita ya kwaikwayi muryar manyan amfilifaya iri-iri, wato na'urorin ƙara ƙarfin sautin jita, har da amon lasifikar kowacce. A ɗakinsa, da abin sauraro a kunne, ya yi ta murɗe-murɗe har ya sami sautin da ransa ke so, garau, a buɗe, kowace tsirkiya ana jin ta daban. Ya adana saitin yana murmushi, ya ce bikin da ke tafe gari zai san da shi.

Ranar bikin ya jona akwatin a tsohuwar amfilifayarsa kamar yadda ya saba jona komai, ya kaɗa. Sai sauti ya fito a toshe, kamar mai mura na magana ta cikin bargo. Ya waiwaya ya dubi aminin nasa, shi kuwa yana sunkuye kan na'ura yana taɓe-taɓensa. A biki na gaba haka, na bayansa ma haka. In ya koma ɗaki ya sa a kunne, lafiya lau. In an fito fili, abu ya shaƙe. Sai gogan naka ya yanke hukunci shi kaɗai: tsakanin ɗaki da fili ai mutum ɗaya ne ya ƙaru. Ya tuna ranar da aminin ya taɓa ce wa akwatin kayan wasan yara. Ya tuna ya gan shi suna dariya da mai ganga, kuma da ya matso suka yi shiru. Tun daga nan ko alwala zai je, akwatin na hammatarsa. Ya riƙa zagayawa kafin a fara wasa yana sa alama da alli a jikin na'urar aminin, don ya kama shi in ya rage masa wani abu. Bai kama komai ba, sai ya ce ai mai wayo ne. Don ya rinjayi abin da yake zaton ana danne masa, ya ƙara wa sautin kauri, ya ƙara gurnani, ya jibga amsa-kuwwa a kai, abu ya ƙara cakuɗewa, shi kuma ya ce ka gani ko, mugunta ta ƙaru. Aminin ya lura sauti ba daidai ba, ya zo ya ce a kawo akwatin su duba tare. A kunnen mai jita, ɓarawo ne ke roƙon makulli.

Wata la'asar, ana tsakiyar wasa, mata na rawa, haƙurinsa ya ƙare. Ya fizgi makirufo ya ce, “Jama'a, ku yi haƙuri da abin da kuke ji, wani ne a bayan nan ba ya son ci gabana.” Kowa ya juya ya kalli mutum ɗaya. Aminin ya ƙarasa aikinsa, ya naɗe wayoyinsa, ba da daɗewa ba ya koma wata ƙungiya a wani gari. Aka ɗauko sabon mai haɗa sauti, jita ta ci gaba da fitowa a toshe yadda take. Wallahi har ya fara binciken ko shi ma sabon, yaron tsohon ne.

Allah da ikonsa, wata rana suna gwaji tsohuwar amfilifayar ta ƙi kamawa. Dole ya jona akwatin kai tsaye a manyan lasifikun ƙungiya, ya kaɗa, sai ga sautin nan na ɗakinsa ya leƙo. Ya tsaya riƙe da jita, sai a lokacin ya gane. Akwatin nan da ma yana kwaikwayon lasifikar jita, wadda ke tace kaifin sauti, shi kuma yana zuba shi cikin lasifikar jita ta gaske da ke jikin amfilifayarsa ta sake tacewa. An tankaɗe gari sau biyu, me zai rage? Da aka gyara amfilifayar ya kashe kwaikwayon lasifikar, ya kwashe kaurin da gurnanin da ya jibga, sauti ya washe tas. Maɓalli ɗaya ne, kuma a ƙarƙashin yatsansa yake tun ranar farko.

Ya kira aminin a waya, ya faɗi komai bai rage ba. Aminin ya saurare shi har ƙarshe, ya tambayi iyali, ya ce ya yafe. Na kuma yarda ya yafe, don ba mutum ne mai riƙo ba. Amma da aka ce ya dawo, sai ya ce inda yake ba a taɓa kiran sunansa da mugunta a gaban taro ba, zai zauna nan.

Hausawa dai sun riga mu faɗa: laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.