Rijiyar Arzika

Tun da aka kafa motar igiya mai kai mutane saman dutse, ba mai hawa Dutsen Gargo da ƙafa. In ta zo saitin kufai, wata murya takan kira sunayen mazaunan farko, jikoki su amsa. Sunan da ya shekara ba amsa, ta daina kiransa ke nan.

Ran kasuwa Inna Kande, jikar Jatau Maƙeri, ta shiga motar da kwandon gauta.

"Jatau Maƙeri," in ji muryar.

"Na'am!"

"Arzika Mai Rijiya."

Shiru. Jikokinsa duk sun koma birni.

"Na'am!" Kande ta sake amsawa.

Direba ya yi dariya. "Inna, wai kakanninki nawa ne?"

"Ja motarka, ɗan nan. Ruwan rijiyarsa na sha na girma."